Neman Sawun Kaka Tsohon Soja: Daga Adakar Gida Zuwa Ma'ajiyar Takardu

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai wani kaka da ake cewa "ai ya je yaƙin Boma", ko "ya yi sojan Faransa", daga nan kuma labari ya tsaya. Ba a san shekarar da ya tafi ba, ba a san rundunar da ya shiga ba. Abin da ya rage watakila wata lambar yabo ce da ta yi tsatsa cikin gwangwani, da hoto ɗaya na mutum sanye da gajeren wando da jar dara, da 'yan wasiƙun da ba wanda ke iya karantawa yanzu. Wannan jagora ta wanda yake son ya kama wannan guntun zare ne ya bi shi har inda ya ƙare.

Tun kafin a yi nisa ga abin da zai hutar da kai daga wahalar watanni: sunan da ake kiran kakanka da shi a gida, da wuya a ce shi ne aka rubuta a takardar Turawa. Wanda ya fara nema da suna kawai zai sha yawo. Lambarsa ta soja ita ce mabuɗi, kuma galibi a gida take, ba a intanet ba.

Mataki na 1: Fara da tsofaffin gida, kuma ka fara yau

Takarda tana iya jiranka shekara goma, tsohuwa mai shekara tamanin ba ta yi maka wannan alkawari ba. Saboda haka kafin ka taɓa kwamfuta, sayi goro, ka cika wayarka da caji, ka tafi wajen gwaggo ko baffa mafi tsufa. Nemi izini kafin ka naɗi murya. Mata sun fi riƙe zancen zumunta: wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, wa aka haifa a wane ɗaki.

Kada ka tambayi shekara. In ka ce, "Gwaggo, a wace shekara Malam ya tafi soja?" za ta ce maka Allah masani. Amma in ka ce, "Gwaggo, lokacin da ya dawo, su wa aka riga aka haifa a gidan nan? Wane sarki ke kan gado?" sai ka ga baki ya buɗe. Tsofaffi da abin da ya faru suke lissafi, kai ne za ka mayar da shi shekara. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce. Sarkin Kano Abbas ya rasu a 1919, Usman ya yi mulki zuwa 1926, Abdullahi Bayero kuma daga 1926 zuwa 1953. Zuwan Sarauniya Kaduna a 1956 ne. Ka shirya irin wannan jeri na masarautarku ka riƙe shi a aljihu.

Sai batun alkunya. Mace ba za ta faɗi sunan mijinta ba, uwa ba za ta ambaci ɗan farinta ba, ko da sun daɗe a kabari. Kada ka matsa, ka bar tambayar suna ga wanda ba ta yi masa nauyi. Kuma ka zauna da kowa shi kaɗai. In ka tara su wuri ɗaya, mai ƙarfin murya ne zai ba da tarihi, sauran su gyaɗa kai.

Tambayoyin da suka fi amfani su ne ƙananan nan da ake rainawa. A ina ya shiga soja, Zariya ko Kano ko Kumasi? Ya hau jirgin ruwa? Wace kalma baƙuwa yake yawan faɗi? Ina yake zuwa karɓar fansho? Wane aiki ya yi bayan sallama? Su wa ne abokansa na soja da suke zuwa hira? Wannan ta ƙarshe tana da daraja, domin in takardun gidanku sun salwanta, na gidan abokinsa suna iya nuna bataliyar da suka yi tare.

Mataki na 2: A buɗe adaka

Nemi a fito da duk wata takarda, har wadda ake gani shara ce. Abin da ka fi buƙata shi ne littafin sallama, ɗan ƙaramin littafin da ake bai wa soja ranar da zai bar aiki. A ciki ake samun lambarsa, muƙaminsa, ranar shiga da ranar fita, garinsu, wani lokaci har da tsagar fuskarsa. In babu shi, takardar fansho ko katin ƙungiyar tsofaffin sojoji na iya ɗauke da lambar. Ta sojan Najeriya a Yaƙin Duniya na Biyu takan fara da haruffan NA, ta Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da GC. A wajen sojan Faransa kuwa littafinsa na soja yana nuna lamba da shekarar da aka ɗauki sa'o'insa.

Lambobin yabo ma suna magana. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya an zana suna da lamba da runduna a gefensu ko a bayansu, sai ka juya ka haska da tocila. Na yaƙi na biyu galibi ba suna, amma tauraron tagulla mai tsini shida yana ɗauke da sunan fagen fama a fuskarsa, Burma (wato Boma) ko Afirka. In ka ga bajon kafaɗa mai hoton baƙin gizo-gizo a kan ruwan ɗorawa, na Runduna ta 81 ne, ɗaya daga rundunonin Afirka ta Yamma biyu da aka kai Burma. In masu biyu ne giciye a kan gammo, ta 82 ce. Bajon hula mai bishiyar kwakwa na rundunar Afirka ta Yamma ce baki ɗaya. Kada ka goge lamba da toka ko lemon tsami don ta yi ƙyalli, za ka iya cinye rubutun da kake nema.

Mataki na 3: Rikicin suna

Ka ɗauka kakanka sunan yanka Abdullahi, a gida Ɗanladi ake kiransa don ran Lahadi aka haife shi, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Rano. Ranar ɗaukar soja magatakarda ya tambaye shi suna, ya ce Audu. Daga ina? Kano. Shi ke nan, ya zama "Audu Kano" har ya bar aiki, tare da wasu Audu Kano da ba su ƙirguwa. Haka aka riƙa yi: sunan gari ko na ƙabila ya maye gurbin sunan uba. Za ka ga su Musa Bauci, Ali Zabarma, Garba Fulani. Wani ma da gangan ya ba da sunan da ba nasa ba, don gudowa ya yi daga gida, ko daga bashi, ko daga ubangida. Wasu sun tsallako daga ƙasar Faransa suka shiga sojan Ingila suka ambaci garin da ba nasu ba.

Ga kuma rubutun Bature. Audu ya zama Awudu, Garba ya zama Garuba, Mamman ya zama Mama ko Momo, Ibrahim ya zama Braima. Bafaranshe kuma ya rubuta Ousmane da Mahamadou da Issoufou. Ɗauki takarda ka jera duk surar da sunan zai iya ɗauka. Abubakar shi ne Garba, Habu, Bukar, Buba. Usman shi ne Shehu. Ibrahim shi ne Iro. Haɗa kowanne da sunan ƙauye, na gunduma, na lardi, da na ƙabila. Da wannan jeri za ka riƙa nema ko'ina.

Wani abin lura: Hausa ce harshen bariki tsawon shekaru, saboda haka Turawa sukan kira kowane soja mai jin Hausa Bahaushe. Kalmar a takardarsu ba hujjar asali ba ce.

Mataki na 4: Wane yaƙi ne?

"Ya je yaƙi" magana ce mai faɗi. Tarihin sojan nan ya faro tun 1863, lokacin da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara 'yan Hausawansa a Legas. Lugga ya kafa rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma a 1897, wadda daga baya ake taƙaita sunanta RWAFF. A yaƙi na ɗaya sun yaƙi Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Mora da Banyo, sannan aka kai wasu Afirka ta Gabas. A yaƙi na biyu an fara da Somaliya da Habasha a 1940 da 1941, sannan Runduna ta 81 ta tafi Indiya a 1943, ta 82 ta bi ta a 1944. A Burma ta 81 ta yi fama a kwarin Kaladan, ta 82 a Arakan, garin Myohaung kuma ya faɗi a Janairun 1945. Birged ɗaya ta Najeriya an ware ta ta shiga dakarun Chindit, masu kutsawa bayan layin abokan gaba. Yawancinsu sai 1946 suka ga gida. Sunayen barikokinmu da yawa daga can suke: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Dodan da Myohaung a Legas, Burma Camp a Akara. In tsohuwa ta ambaci wata kalma mai kama da waɗannan, rubuta ta yadda ta faɗa.

Amma ba duk wanda ya "tafi aikin yaƙi" ne ya riƙe bindiga ba. Akwai 'yan dako, akwai direbobi da masu jinya, akwai kuma dubban da aka kwasa aikin tilas na haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944. Waɗannan na ƙarshe ba za ka same su a takardun soja ba, sai a fayilolin lardi. In kuma kakan naka na baya-bayan nan ne, to ko Kwango ce tsakanin 1960 da 1964, ko yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Mataki na 5: Takardun soja

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. In bai dawo daga yaƙi ba, shiga shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, CWGC a taƙaice. Ana nema da suna ko da lamba, sakamakon kuma yana ba da muƙami, runduna, ranar rasuwa da wurin kabari. 'Yan Afirka ta Yamma suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon a Burma, inda wani gini ke ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, akwai kuma wasu a Chittagong da Maynamati a Bangaladash. In ba ka ga sunansa ba, kada ka ce tsofaffi sun yi ƙarya. Hukumar da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙi na ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba sam.

In an ce ya sami lambar jarunta, duba London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Ingila, wadda tsofaffin fitowarta suke intanet kyauta. Daga nan sai kundin neman takardu na Ma'ajiyar Ƙasa ta Ingila da ke Kew a Landan. Riƙe waɗannan lambobin rukuni: WO 372 katunan lambobin yabo na yaƙi na ɗaya, WO 373 takardun da hafsoshi suka rubuta suna neman a karrama soja, inda ake bayyana abin da ya aikata, WO 95 kundin yau da kullum na rundunoni a yaƙi na ɗaya, WO 172 irinsa na fagen Burma, WO 173 na Afirka ta Yamma, CO 445 wasiƙun rundunar tun farkon kafa ta.

Gaskiyar magana, kundin yau da kullum ba kasafai yake ambaton farabiti da suna ba. Sunan hafsa Bature ake rubutawa, sauran a ce "mutum uku sun ji rauni". Duk da haka ni a ganina shi ne mafi daɗin karantawa cikin takardun nan. Da zarar ka san bataliyarsa, kana iya bin ta rana bayan rana: yau an ƙetare kogi, gobe jirgin sama ya jefo abinci, jibi zazzaɓi ya kwantar da rabin kamfani. Sai ka gane abin da tsoho yake nufi da yake cewa bai ƙara son ruwan sama ba.

Fayil ɗin ƙaramin soja na kansa galibi ba a kai shi Ingila ba, a ƙasarsa aka bar shi. A Najeriya ofishin adana bayanan sojan ƙasa yana Lakwaja, a barikin Chari Maigumeri. Shi wannan Maigumeri ma darasi ne ga mai bincike, domin Jamusawa ya fara yi wa soja a Kamaru kafin ya shiga na Ingila har ya kai samanja, ka ga mutum ɗaya a takardun ƙasa biyu. Akwai kuma Hukumar Fanshon Soja a Abuja, da ofisoshin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion a jihohi. Rubuta takardar buƙata, ka sa cikakken suna da lamba da dangantakarka da shi, ka haɗa da kwafin abin da ke hannunka. Kwafi, ba na asali ba. Kada ka bar takardar asali a kowane ofis, ko da an ce gobe ka dawo ka karɓa. A Ghana sai a nufi ma'ajiyar takardun gwamnati ta PRAAD a Akara, Kumasi ko Tamale.

Ga 'yan Nijar, hanyar ta fi miƙewa ta wani fannin. Duk da ana kiran rundunar 'yan Sanagal, akwai mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa a cikinta. Shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa yana da katin waɗanda suka mutu a yaƙi, ɗauke da lamba da yankin haihuwa. Fayilolin sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka suna cibiyar adana takardun soja a garin Pau na Faransa, kuma ana rubuta musu wasiƙa da Faransanci. Takardun mulki suna Yamai da garin Aix-en-Provence na Faransa. Ka tuna Zinder ce hedikwatar ƙasar kafin a mayar da ita Yamai a 1926.

Mataki na 6: Kundayen gari

A Ingila da Amurka an daɗe ana buga littafi kusan kowace shekara mai jera mazauna birni, titi bayan titi, da sana'ar kowa. Mai neman kakansa a can sai ya bi littafin shekara-shekara ya ga lokacin da ya zo gari, lokacin da ya sauya gida, da shekarar da aka fara rubuta matarsa ita kaɗai. In danginka sun zauna Liverpool ko Landan, wannan hanya a buɗe take gare ka.

A garuruwanmu ba a yi wa talaka irin wannan littafi ba. Waɗanda aka buga, kamar Red Book of West Africa na 1920, ko littafin shekara na kamfanin Daily Times, ko kundin lambobin tarho, na kamfanoni ne da manyan 'yan kasuwa da ma'aikata. In kakanka dillalin gyaɗa ne ko ɗan kwangila, duba su. In ba haka ba, nemi abin da ya yi aikinsu a wajenmu.

Na farko kundin haraji. Hukuma ba ta damu da ranar haihuwar mutum ba, amma ba ta mance wanda zai biya ta. Dagaci da mai unguwa suna da jerin magidanta, kuma rasit ɗin haraji yana ɗauke da suna, unguwa da shekara. A Kano da Kaduna an soke haraji da jangali a 1979. Na biyu rajistar fuloti ta unguwannin da aka yanka a zamanin Turawa, irin su Fagge, Tudun Wada da Sabon Gari, inda tsofaffin sojoji da yawa suka zauna. Na uku jerin ma'aikata. Wanda ya bar soja sau da yawa yakan koma ɗan doka, gandiroba, masinja, direba ko ma'aikacin reluwe. Gazet ɗin gwamnati tana buga ɗauka da ƙarin girma da ritaya, En'e ma tana da nata jerin. Na huɗu littafin kotun alkali, musamman rabon gado, wanda yake jera mata da 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya.

Ina za a same su? Babbar ma'ajiya ita ce ta ƙasa da ke Kaduna, inda aka kasa fayiloli bisa larduna: KANOPROF, ZARPROF, SOKPROF da sauransu, sai SNP na sakatariyar Arewa. Dole ka san lardi da gundumar da ƙauyenku yake a wancan zamani, ba jihar yau ba. Katsina, alal misali, ta daɗe ƙarƙashin wasu larduna kafin ta zama lardin kanta. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Nemi kuma tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, shekarar da yaƙin ya ɓarke.

Ka je da katin shaida, fensir da littafin rubutu, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da kuɗinta tun a ƙofa. Ka ware kwana uku aƙalla, rana ɗaya ba ta isa komai. Ka girmama ma'aikacin ɗakin karatu, domin sau da yawa abin da ke kansa ya fi abin da ke cikin kundin nema. Duk takardar da ka ɗauka, fara da hoton bangon fayil mai lamba. Na taɓa dawowa gida da hotuna fiye da ɗari ban san wanne ya fito daga wane fayil ba, dole na sake komawa.

Mataki na 7: Wasiƙu

Nan ne mutum yake fitowa da ransa. Takardar soja ta san tsawonsa da lambarsa, wasiƙa ce ta san wanda yake kewa.

Kafin ka karanta, dubi ambulan. Hatimin gidan waya yana ba da gari da rana. In ya goge, kan sarki zai taimaka: Sarki Joji na Biyar ya yi mulki daga 1910 zuwa 1936, na Shida zuwa 1952, sannan Sarauniya. In farashin da naira da kwabo ne na sabon kuɗi, daga 1973 ne zuwa sama. Wasiƙar da ta fito daga fagen fama takan zo da hatimin mai tace wasiƙu, kuma an hana soja faɗin inda yake, don haka kada ka yi mamaki in ka ga "muna nan wani wuri lafiya lau". Amma adireshin da ya ce a aiko masa da amsa yana ɗauke da lambarsa da kamfaninsa da bataliyarsa. Mutane da yawa suna da lambar da suke nema a saman wata wasiƙa ba su sani ba.

Wasiƙar tana iya zama da boko, da ajami, ko da Larabci. Ajamin wasiƙa ya fi na littafi wuya, domin sau da yawa ba wasali, kuma kowane malami da hannunsa. Kai wa dattijon malami na garinku, wanda ya san sunayen unguwanni da mutane, ka sa ya karanta a bayyane kana naɗa. Sannan ka kai wa wani daban, ba tare da ka faɗa masa abin da na farko ya ce ba. Inda suka saɓa, ka yi alama. In shekarar hijira ce, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1364 za ta ba ka 1945. Lissafin yana iya kuskure da shekara ɗaya.

Ka sani ba lalle hannun kakanka ba ne. Da yawa shifta suke yi wa abokin da ya iya rubutu, ko malamin wasiƙa na bakin gidan waya, kuma shi yakan ƙara nasa gishirin. Buɗewar nan ta "bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri" kusan ɗaya ce a ko'ina, wuce ta. Dukiyar tana ƙarshe, wajen "a gaishe da". A gaishe da Inna, a gaishe da Yaya wane da iyalinsa, a gaishe da amarya, a shafa mini kan yara. Wannan ƙidayar gida ce ta wannan shekara. An saba farawa da manya, saboda haka jerin yana nuna girma. Jera wasiƙun bisa shekara ka kwatanta. Sunan da yake cikin ta 1943 ya ɓace a ta 1945, ko rasuwa ce, ko aure ya mutu, ko an yi ɓatacciya. Sabon suna kuma haihuwa ce ko sabuwar amarya. Koma wajen Gwaggo da waɗannan sunaye, za ka ga ta tuno abin da ta ce ta mance.

Kada ka tsaya a wasiƙa kaɗai. Duba bangon Alƙur'ani da gefen littattafan malamin gida, nan ake rubuta haihuwa da rasuwa. Duba bayan hotuna don tambarin mai hoto da garinsa. Duba tsohon fasfon aikin hajji, musamman in akwai reshen dangi da ya tafi Makka ta ƙasa ya zauna a Cadi ko Sudan.

Mataki na 8: Haɗa su, ka kuma adana

Buɗe littafi, kowane mutum da shafinsa. Duk abin da ka rubuta, sa inda ka samo shi a gefe: "Gwaggo ta faɗa, ran kaza", ko lambar fayil. Kada ka yarda Audu Kano na takarda shi ne naka sai abu biyu aƙalla sun dace bayan suna, kamar lamba da ƙauye, ko bataliya da shekarar sallama. Son a samu yana sa mutum ya rungumi kakan wani.

In baki da takarda suka saɓa, kada ka yi saurin bai wa takarda gaskiya. Shekarun haihuwa a littafin soja kintace ne, an dubi ƙirji da haƙora an rubuta. A ranar shiga da ranar sallama takarda ta fi ƙarfi. A wanda ya haifi wa, tsohuwa ta fi ta.

Za ka iya tono abin da ba ka nema ba. Mata da 'ya'ya a Kumasi da ba a taɓa ambata ba, hukuncin gudu daga soja, ko sunan kaka a rajistar bayin da aka 'yanta, domin irin wannan rajista tana nan a Kaduna, kuma da yawa cikin sojojin farko daga bauta suka gudo. Rubuta shi a littafinka yadda yake, amma kada zauren WhatsApp na dangi ya zama inda za a fara ji. Kai wa babban gida tukuna, ku yi shawara, musamman in abin ya taɓa gado ko auren 'ya'ya.

Takardun kuwa, kada a yi musu laminatin, zafi da gam suna kashe su kuma ba a warwarewa. Kada a liƙa salatif. Cire ƙarfen da ya yi tsatsa a hankali, ka miƙar da kowace takarda tsakanin farare biyu, ka sa a akwatin ƙarfe a kan wani abu mai tudu, nesa da bango saboda gara da damshin damina. Ɗauki hoton gaba da baya a inuwa da rana, ba da hasken waya ba, har da ambulan. Sa wa kowane hoto suna mai shekara da sunan mai wasiƙa. In za ka tura wa 'yan'uwa, tura shi a matsayin fayil don kada manhaja ta rage masa kyau, ka kuma ajiye kwafi a gida biyu daban-daban, ɗaya a wajen wanda ya fi ka ƙuruciya.